Tsutsar da Na Rataya a Rumbun Baba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga ƙaninka Kimba, a Darey Kwara, zuwa ga yayana kuma babban gidanmu, Bere Munkaila, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin wadda ƙane yake yi wa yayansa ko da yayan yana fushi da shi, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da maigidanka na kasuwar albasa. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya buɗa kasuwa, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta, Ya kuma sanyaya maka zuciya kafin ka kai tsakiyar takardar nan, domin za ka buƙaci hakan. Na zaɓi in dama tawada in rubuta maka da ajamin da Alfa Sumana ya dasa mana a ka da bulala, saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ka faɗi taka, ka kashe, ka bar ni ina yi wa ƙarfe bayani. Takarda kuwa ba ta da wurin dannawa. Iyakarta ka yaga, kuma na san halinka, sai ka karanta tukuna za ka yaga. Na ba Jibo direban motar albasa, ya yi mini alkawari a hannunka zai sa ta, ba a hannun yaron shago ba.

Mutanen gida duk lafiya, alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, yakan tashi idan hadari ya haɗu, har yanzu ita ke gaya mana za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Matarka Zalika lafiya lau, ta yi shukar kuɓewa da yakuwa a bayan gida sun yi kyau. 'Yarka Hamsa ta fara ɗaukar ƙaramin tulu zuwa rijiya, rabin ruwan a wuyanta yake ƙarewa, amma idan ka ganta tana tafe sai ka ce ita ce uwar gidan. Tinni kuwa, wanda ka bari a goye, yanzu da gudu yake bin awaki. Rannan an nuna masa hotonka a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko kai ne mai kawo gishiri ran kasuwa. Ban sa shi ba, Allah Ya sani, ko da yake da na tuna da na sa shi. Ruwa ya sauka da kyau bana. Gero ya fi ni tsawo, ya yi bununi, ya fara ɗaukar ƙwaya, idan ka tsaya a kan tudun gabas sai ka ga gonar Baba ta yi duhu har bakin kwari.

To, Bere, mu zo ga maganar. Saƙonka ya iso ta bakin Baffa Hasumi, kuma jarkar maganin feshi da ka aiko ta iso ta hannun Jibo. Baffa ya tara mu a ƙofar gida ya faɗi abin da ka ce: wai na buɗe rumbun Baba ba da izininka ba, na rataya buhunan tsutsa a ciki, wannan wasa ya wuce gona da iri, a sauke buhunan a ƙone, a yi wa geron feshi, idan kuma na ƙi, ka karɓe gonar daga hannuna ka ba ɗansa Saini. Na saurara har ya gama, ban katse shi ba, ka ga ni na fi ka a nan. Amsata ita ce ba zan sauke ba, ba kuma zan yi feshin ba. Na faɗa masa a gaban kowa, yanzu kuma ina rubuta maka da hannuna don kada ka ce an ƙara gishiri a hanya.

Na san dalilin da ya sa ka yarda da sauri cewa wasa ne. Ni ne na sa kwaɗo a ƙwaryar furar Alfa, ni ne na yi kukan kura a bayan makabarta har Saini ya bar takalminsa ɗaya, ni ne na juya wa jakin Baffa akumari gaba ya koma baya. Duk na yi, kuma sun yi daɗi, ban zo neman gafarar ko ɗaya ba. Amma ka taɓa jin na yi wasa da abin da ke shiga bakin Inna? Ka tambayi duk wanda ka ga dama.

Kai ba ka nan bara, damina uku ke nan ba ka riƙe hauya a garin nan ba, bari in tuna maka abin da waya ba ta nuna maka ba. Bara ma haka geron ya yi kyau daga nesa. Sai da muka shiga girbi muka ga kowace zangarniya an zagaye ta da hanya kamar an naɗa mata igiya, daga gindi zuwa sama, ƙwayar ta zube, tsutsa ta ci ta daga ciki. Dami ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar damin ciyawa. Zalika ta yi sussuka, ƙaiƙayi ya fi tsaba, ta zauna a gefen turmi tana kallon ɗan abin da ya rage. Tun sanyi bai wuce ba rumbun ya ƙare. Masarar da ka aiko ta taimaka, Allah Ya saka, amma ba ta kai mu damina ba. Ganyen zogale da na tafasa muka yi ta ci har Hamsa ta ce idan ta yi atishawa ganye ne zai fito. Wannan rumbun da ake cewa na keta masa alfarma, ran da na ɗaga hularsa na leƙa, ɓera ɗaya na tarar a ciki, shi ma a rame, ya kalle ni kamar ni na ci masa amana.

Ga yadda buhunan suka zo. Da gero ya fara fitar da kai, wata malamar gona, Malama Bibata, ta zo daga Loga a kan babur, Maigari ya tara mutane a gindin gawo. Ta ce ta kawo mana maganin tsutsar zangarniya. Kowa ya gyara zama yana jiran ta fito da jarka. Sai ta fito da 'yan buhunan algarara, kowane bai fi tafin hannu biyu ba, ta ce a cikinsu akwai ɗan gero da tsutsa da rina. Wurin ya ɗauki dariya. Baffa ya ce shi a iya saninsa tsutsa ce ba mu rasa ba, idan gwamnati na son ƙari ta aiko mota mu cika mata. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba, na tambaye ta ko idan zazzaɓi ya kama mu za ta kawo mana sauro a buhu. Ba ta yi fushi ba. Ta kira ni gaba, ta miƙo mini wata kwalba mai tsutsa da rina a ciki, da aka ɗaure wa baki da tsumma, ta ce tunda bakina ya fi na kowa aiki, in riƙe wannan har ta dawo, in ga ko idona ma yana aiki.

Bere, na kai kwalbar ɗaki don in samu abin yi mata ba'a idan ta dawo, sai kallo ya kama ni. Rinar ƙarama ce ƙwarai, ba irin wadda ke kumbura wa mutum fuska ba, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ruwanta da mutum. Na sa yatsa ta hau ta sauka. Amma da ta samu tsutsa sai ta harbe ta, tsutsar ta yi laƙwas, ba ta ƙara cin komai ba. Sai ta yi ƙwai a jikinta. 'Ya'yan suka ƙyanƙyashe suka tsotse tsutsar har ta koma baƙa kamar guntun zare, sannan suka naɗe kansu cikin farin abu kamar auduga, bayan wasu kwanaki suka fito da fukafukai suna neman wata. Na je gona na ɓare zangarniya, na ciro tsutsarmu ta nan, wadda ta cinye mu bara, na jefa musu. Abin da suka yi mata ya sa na ci tuwo da daɗi a ranar. Da Malama ta dawo ta yi mini bayanin sauran. Ta ce tsutsar da ke cikin buhu wata iri ce dabam, abincin 'ya'yan rinar ce kawai, guzuri ne aka yi musu. Idan suka yi fukafukai sai su fita ta ramukan algarara su bazu cikin gonaki, su bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, su shiga inda hannu ba ya shiga. Abin da ake bukata kawai wuri mai inuwa wanda ruwa ba ya duka, mai jinka da za su iya ratsawa, kusa da gonaki. Wato rumbu, wanda a wannan lokaci ba komai a cikinsa.

A nan ne maganar ta tsaya cak. Ka san a garin nan ba mai ɗaga hular rumbu sai maigida. Mace ba ta leƙawa, ƙane ba ya hawa sai an ce ya hau. To ina masu gidan? Rabinsu suna Kumasi da Akara da Lome irinka. Rumbunan gabas, waɗanda suka fi kusa da gonaki, kusan duk masu su suna bakin teku suna aiko umarni ta waya. Waɗanda ke nan kuma, irin su Baffa, sun ce ba za su sa tsutsa da hannunsu a wurin da suke ajiye abinci ba. Ba na cewa tsoronsu hauka ne, domin tsutsar buhun irin mai cin hatsin ajiya ce, Malama da kanta ta faɗa. Amma ta ce kafin girbi rinar ta gama da ita, a sauke buhunan, a share rumbu, ba abin da zai rage. Na kira ka, ka tuna? Ka ce kana sauke mota, za ka kira ni. Na sake kira, ka ce in daina damunka da shirme. Gero kuwa ba ya jiran a gama sauke albasa, tsutsar ta riga ta fara ƙyanƙyashewa a kansa. Sai na jingina tsani, na yi bisimilla, na yi wa Baba addu'a, na ɗaga hular. Da wasu samari suka ga sama ba ta faɗo mini a ka ba, su ma suka hau na yayyensu. Maigari ya buɗe nasa. Haka aka samu wuri a kusurwoyin gari.

Daga nan Malama ta ɗora mini wani aikin. Ta ce buhu ba ya magana, idan mutane ba su gane ba, mutum ɗaya da famfon feshi zai kashe aikin gari guda. Ta ce ita idan ta yi magana mutane gyangyaɗi suke yi, ni kuwa ko ƙarya nake yi sai an taru. Na ari gangar mai shela, ran kasuwar Loga na naɗe jikina da tsohuwar zana na zama tsutsa, na rungumi turken rumfar mai nama ina hawa ina zagayawa ina taunar iska. Taubashiyarmu Gambi, 'yar Gwaggo Lamisi, ita ta zama rina. Ba a roƙe ta ba, da kanta ta ce tun muna yara take jiran ranar da za a ba ta izinin soke ni a gaban jama'a. Da muciya ta zo. Bere, yarinyar nan ba ta san wasa ba, har yau haƙarƙarina yana gaishe ta. Na faɗi ƙasa ina shure-shure, ta taka ni da ƙafa tana cewa bawanta ne ni tun asali, yau ga shi na koma abincin 'ya'yanta. Da dariya ta lafa sai na tashi na fito da kwalbar, na ɓare musu zangarniya, na nuna musu hanyar da tsutsa ke bi da yadda ake gane ta tun ƙwaya ba ta zube ba. Na ce kowa ya riƙa shiga gonarsa yana dubawa, kada ya tsaya a bakin hanya ya ce gero ya yi kyau. Na ce kada a yi hayaƙi a gindin rumbun da aka rataya buhu, kada kuma a yi feshi. Wani tsoho daga ƙauyen kwari ya ce shi dai bai yarda ba, amma a ba shi kwalbar ya ƙara gani. Kasuwar da ta biyo baya, shi ne ya dawo da zangarniya a aljihu yana tambaya.

Har wajen Alfa Sumana maganar ta kai, domin wasu sun ce layu ne nake ratayawa, wasu kuma sun ce haramun ne a kiwata tsutsa don a kashe ta. Ya aiko in zo. Ya sa tabarau ya daɗe a kan kwalbar. Ya ce wannan ne karo na farko da na kawo masa abu mai rai bai yi tsalle ya faɗa masa a fura ba. Sannan ya ce shi bai ga bambancinsa da ajiye kyanwa saboda ɓera ba, Allah ne Ya halicci mai ci da abin ci, mu dai an nuna mana ne. Ran Juma'a bayan sallah ya faɗa wa mutane haka, Maigari kuma ya ɗora da cewa ba feshi a gonakin gero har a yi girbi. Aka shafa fatiha a kai. Baffa yana sahun gaba, ya shafa tare da kowa.

Ana cikin haka jarkarka ta iso. Na san da kyakkyawar niyya ka saya, na san guminka ne. Amma Bere, jarkar ba ta da takarda ko ɗaya a jiki, ba suna, ba a ce ga yadda ake gaurayawa ba, mai sayarwa ne kawai ya ce maka yana kashe komai. Gaskiya ya faɗa, abin da ya sa nake tsoronta ke nan. Jibo ya ce tun daga iyaka kansa ke ciwo saboda warinta. Tsutsar tana can ƙunshe a cikin zangarniya, feshi ba ya cika kai mata. Rinar kuwa a fili take yawo, ita za ta fara mutuwa. Kuma geron ya fi mutum tsawo, wanda zai yi feshin sama zai ɗaga hannu, abin ya dawo masa a ido da baki, kuma ni ne mutumin. Sannan rinar nan ba tamu ce mu kaɗai ba. Ba ta san iyakar gona ba, wadda ta fita daga rumbunmu tana aiki a gonar Maigari da ta Gwaggo da ta Baffa shi kansa, tasu kuma tana aiki a tamu. Idan na yi feshi na kashe wa gari dabbarsa bayan an shafa fatiha. Na ɗauki jarkar na kai wa Maigari, ya kulle ta a ɗakin ajiyarsa nesa da yara. Ba a taɓa ko ɗigo ba. Taka ce, tana jiranka.

Yanzu ga inda za ka so zama, idan a tsaye kake. Na san Baffa ya kira ka ya ce an gama, an sauke buhunan an ƙone, har ka ce madalla. Ba ƙarya ya yi maka ba, abin da ya sani ya faɗa. Da ya sanar cewa washegarin kasuwa zai zo da tsani, a matsayinsa na ƙanen Baba wanda ka ba izini, sai na yanka tsohon buhun da ka aiko mana masara a ciki, na ɗinka 'yan buhuna irin waɗancan sak, na cika su da ƙaiƙayi da kashin awaki. Da rana ta take, kowa ya shige inuwa, na hau na musanya. Washegari Baffa ya zo da Saini. Saini ya hau yana karanta duk abin da ya haddace, ya riƙa sauko da su a bakin sanda. Baffa ya tsaya daga nesa ya toshe hanci da rawani, aka cinna wuta. Da hayaƙin ya tashi sai ya juya ga mutanen da suka taru ya ce to su shaƙa da kansu su ji, abin alheri ba ya irin wannan wari. Na sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa mutuwa, ina cizon leɓe har ya fashe. Gambi ce ta ɓata aikin. Ita da sauran mata sun san warin kashin akuya tun kafin su san sunansu, ta ruga bayan danga ta faɗi tana riƙe ciki. Kafin la'asar maganar ta gama zagaya rijiya.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba, an yi wa dattijo dariya a garinsa, kuma shi ya riƙe mu bayan Baba. Na je har gida na durƙusa na gaishe shi, ya kau da kai. Na ce masa dariyar da aka yi masa ni na jawo, ya hukunta ni yadda ya so, amma buhunan ba zan nuna inda suke ba. Ya ce ba sai na nuna ba, gidan wansa ne, ya san kowane lungu.

Abin da bai sani ba shi ne, ranar da na yi musanya, ina saukowa daga tsani da buhunan gaskiya cushe a riga, na yi kiciɓis da Inna tana dawowa daga ɗaure akuya. Niyyata in kai su wata bukka a cikin gona, ko da yake tana yoyo. Ta kalli cikina da ya yi tulu, ta tambaya ko wata nawa ne. Sannan ta miƙo hannu. Na ɗauka ƙonawa za ta yi. Sai ta wuce da su ɗakinta, wanda ka san shi ne na ƙarshe ta gabas, jinkarsa na kallon gona. Ta taka turmi da wannan gwiwar tata, ta hana ni taimaka mata, ta rataye su ɗaya bayan ɗaya a jikin tankar jinka, daidai saman gadonta. Tun ranar ta daina kunna turaren wuta a ɗakin, kai ka san abin da wannan yake nufi a wurin Inna.

Da Baffa ya zo bincike ya duba rumbu, ya duba ɗakina, ya duba turken awaki, har ya iso ƙofarta. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsinkar yakuwa. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce kada ya wahalar da kansa, abin da yake nema yana ciki, a sama, idan ya ɗaga kai daga nan ma zai hango. Ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa leƙa rumbu ba, an ce na maza ne, ta yarda. Amma duk shekarar da rumbun ya ƙare, ita ake kallo da yamma, ba rumbun ba. Ta ce rumbu nasu ne, su yi yadda suka so da shi, ɗaki kuwa nata ne. Idan yana ganin ya dace ya tsallake ta ya shiga ɗakin matar wansa marigayi ya hau gadonta, to ga hanya, sai dai ba za ta janye ƙafa ba don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Baffa ya tsaya, ya gyara rawani, ya ce shi saƙon Munkaila yake cikawa. Ta ce Munkaila a ɗakin nan aka yanke masa cibiya, ya san hanya. Sai ya juya ya tafi. Zalika tana bakin murhu duk abin nan tana ji, da dare ya yi kuwa ƙwaryata ta fi ta kowa cika.

Ba zan yi maka alkawarin da ba a yi mini ba. Malama ba ta ce tsutsa za ta ƙare ƙaf ba, ta ce za ta ragu sosai idan aka bar rinar ta yi aikinta, sauran na Allah ne. Amma ina shiga gona kullum ina ɓare zangarniya, kuma na fara samun tsutsa baƙa a bushe, da farin abin nan kamar auduga a gefenta, har a gonar Baffa, wadda na shiga ba da izini ba, ka ƙara wannan a cikin laifuffukana. Na so in naɗo maka zangarniya ɗaya a cikin takardar nan ka gani da idonka. Malama ta hana. Ta ce haka ƙwari da cutar shuka suke ƙetare iyaka, a aljihun masu son nuna wa 'yan'uwansu abu, kada in kai wa mutanen Kumasi abin da ba su aika a kawo musu ba.

Maganar gona kuwa, kai ne babba, hukuncinka ne. Idan ka ce Saini, to Saini, ba zan kai ƙara wurin Maigari ba, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma bayan girbi. Ni na shuka geron nan, ni na yi masa noman fari da maimai, ba zan miƙa shi ga famfon feshi yana tsakiyar ɗaukar ƙwaya ba. Idan ya lalace, ka tara gari ka ce Kimba ne, zan tsaya a tsakiya in amsa. Idan ya yi, 'ya'yanka ne za su fara ci. Daga nan zuwa ranar da za a ɗaure damin ƙarshe, ka aiko saƙo ta bakin kowa ka ga dama, amsar ɗaya ce.

Ka gaishe mini da Kawu Nyandu da iyalinsa, ka ce masa Gwaggo Lamisi na tambayar maganin idon da ya yi mata alkawari. Ka gaishe da Halidu abokin ɗakinka, da Dulla ɗan Maigari, da duk 'yan garinmu da ke wurin, ka gaya musu waɗanda ƙannensu suka hau rumbu kada su yi fushi su kaɗai, su zo ku haɗu ku yi tare. Alfa Sumana yana sa maka albarka. Zalika da Hamsa da Tinni suna gaishe ka. Gambi ta ce a gaishe da bawanta babba, ta ce muciyarta tana nan idan kana bukata. Saini ma yana gaisuwa, a ɓoye.

Inna ce kaɗai ba ta ba ni gaisuwa in sa maka ba. Na tambaye ta, na sake tambaya, na ce takarda za ta tafi ba sunanta. Ta ce gaisuwarka tana nan, ba ta ɓata ba, ta ajiye maka ita a ɗaki. Ka zo ka karɓa.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya kawo ka gida lafiya. Wassalamu.

Ƙaninka, wanda bai sauke ba kuma ba zai sauke ba,
Kimba